Yadda Iyaye a Jihar Kebbi Za Su Fahimci Dokar Ilimin Bai-Ɗaya Su Kuma Bi Sawun Haƙƙin 'Ya'yansu

A garuruwa da ƙauyukanmu na Jihar Kebbi, tun daga Kamba har zuwa Zuru, idan aka gina ajujuwa biyu a makarantar firamare, abin da aka saba gani shi ne dattawa su yi ayari su tafi godiya wurin ɗan siyasar da aka ce shi ya kawo aikin. Idan kuma iskar farkon damina ta yaye kwanon ajujuwan nan bayan shekara ɗaya, sai kowa ya ja bakinsa ya yi shiru, domin wanda aka yi wa kyauta ba ya buɗe baki ya ce ta yi kaɗan. Godiya hali ne na gari, kuma babu mai hana ta. Sai dai akwai doka ta tarayya wadda ta mayar da karatun shekara tara na farko haƙƙin kowane yaro, ta ware masa kuɗi, ta kuma faɗi wanda zai riƙe kuɗin da wanda za a tambaya idan aiki bai yi kyau ba. Wannan bayani na wanda yake so ya fahimtar da mutanen garinsu wannan doka ne, ko shi mai unguwa ne, ko liman, ko shugabar ƙungiyar mata, ko matashin da ya yi karatu ya dawo gida.

Abin da dokar ta ce

Shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato ranar 30 ga Satumba, 1999, amma sai a shekarar 2004 aka yi masa doka. Ita ce ta kafa hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, a Abuja. Doka ce gajera, mutum zai iya karance ta a zama ɗaya, saboda haka matakin farko shi ne a samo kwafinta daga intanet, a buga a takarda, a ajiye ɗaya a hannun kwamitin makaranta. Mai magana da takarda a hannu ya fi mai cewa "na ji an ce" kwarjini a gaban ma'aikaci.

Sashe na 2 ya ɗora wa kowace gwamnati a Nijeriya nauyin samar da ilimi kyauta kuma na dole ga duk yaron da ya kai shekarun firamare da ƙaramar sakandare, wato shekara shida a firamare da uku a ƙaramar sakandare. Sashe na 3 ya ce hidimomin da ake yi a waɗannan makarantu na gwamnati kyauta ne, kuma duk wanda ya karɓi kuɗi a kansu ya yi laifin da hukuncinsa tara ce wadda ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata uku, ko duka biyun. Wurin da ya kamata mai bayani ya daɗe a kai shi ne sashe na 15, inda aka fassara kalmomi, domin a nan ne dokar ta lissafa abin da take nufi da hidimomin kyauta: littattafai, kayan koyarwa, ajujuwa, kujeru da tebura, da abincin rana. Yawancin iyaye sun ɗauka cewa "kyauta" tana nufin ba a biyan kuɗin makaranta kawai. Idan aka karanta musu wannan jeri, sai su gane cewa yaron da yake zaune a ƙasa yana rubutu a kan gwiwarsa akwai abin da yake bin gwamnati.

A wannan sashe ne kuma aka faɗaɗa ma'anar ilimin bai-ɗaya ya haɗa da renon ƙananan yara kafin firamare, da yaƙi da jahilci na manya, da karatun makiyaya, da 'ya'ya mata, da almajirai, da masu buƙata ta musamman. Ga jihar da take da rugagen Fulani da ƙauyukan masunta a bakin Neja da tsangayu a kusan kowace unguwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Za a iya samun wani mai ilimin shari'a a wurin taro ya ce ai sashe na 18 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 cewa ya yi gwamnati za ta ba da ilimi kyauta idan hali ya yi, kuma babin da yake ciki ba a kai ƙara kotu a kansa. Maganarsa tana da tushe, amma ba nan zancen ya tsaya ba. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2010, a ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar, cewa ilimi haƙƙi ne da za a iya nema a gaban shari'a, sannan a 2017 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce dokar 2004 ta mayar da karatun firamare da ƙaramar sakandare haƙƙin da kotu za ta iya tilasta a bayar.

Nauyin da ke kan iyaye

Kada mai bayani ya ɓoye wannan ɓangare don neman a tafa masa. Sashe na 2 ɗin nan ya wajabta wa kowane uba ko mariƙi ya sa ɗansa a makaranta ya kuma tabbatar ya kammala ƙaramar sakandare. Wanda kotu ta kama da saɓa wannan, karo na farko za a ja masa kunne, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya ko duka biyun, daga nan kuma tarar naira 5,000 ko ɗaurin wata biyu ko duka biyun. Tarar nan ba ta taka kara ta karya ba, kuma ba kasafai ake jin an gurfanar da wani ba, amma amfanin faɗinta shi ne jama'a su san cewa igiyar ta ɗaure kowa.

A ganina, garin da ajujuwansa suke zama fayau a lokacin dashen shinkafa da girbinta, ko ranar kasuwa, ko lokacin da ruwa ya janye aka shiga kamun kifi, ya rage wa kansa ƙarfin magana. Jami'in da aka kai wa kukan ƙarancin malamai abu na farko da zai buɗe shi ne rajistar zuwan yara, kuma idan ya ga an rubuta yara ɗari uku amma saba'in suke zuwa, ya sami hanyar zillewa. Saboda haka gyaran gida yana cikin bin haƙƙi. Akwai garuruwan da za su iya zama da shugaban makaranta su duba yadda yaro zai yi karatun allo da asuba ko da yamma, ya taimaka a gona bayan an tashi, ba tare da ya rasa aji ba. Haka nan batun 'yan mata da ake cirewa daga aji shida: dokar ba ta bambanta ɗa namiji da 'ya mace ba, kuma iyaye mata ne suka fi sanin gidajen da abin yake faruwa.

Sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa

Koke da yawa suna mutuwa ne saboda an kai su inda ba a da ikon warware su. Sashe na farko na dokar ya fayyace cewa abin da Gwamnatin Tarayya take yi taimako ne ga jihohi da ƙananan hukumomi, wato makarantar firamaren garinku ba ta Abuja ba ce. UBEC tana ba da kuɗi, tana shimfiɗa ƙa'idoji, tana sa ido. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, da ke Birnin Kebbi ita ce take karɓar kuɗin, ta tsara ayyuka, ta ba da kwangila. A kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 21 na jihar akwai ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ƙarƙashin Sakataren Ilimi, wanda shi ne mafi kusa da makarantu, kuma a wurinsa ake jin batun tura malamai da duba aikinsu. Sai shugaban makaranta, sai kwamitin kula da makaranta da aka fi sani da SBMC, wanda ya kamata ya ƙunshi wakilin sarauta, da malamai, da iyaye maza da mata, da malaman addini, da tsofaffin ɗalibai, da masu sana'a, har da wakilan yaran kansu.

Akwai abubuwan da suke rikita mutane, kuma gara a warware su tun farko. Albashin malaman firamare ba daga kuɗin UBEC yake fitowa ba, daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, don haka kukan albashi ba na Abuja ba ne. Babbar sakandare ba ta cikin wannan doka. Makarantun tarayya irin ta Birnin Yauri suna ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ne kai tsaye. Asusun TETFund kuwa na jami'o'i da kwalejoji ne, irin su Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, ba ya gina firamare. Sannan akwai ayyukan mazaɓu da 'yan majalisa suke sa wa a kasafin kuɗi, waɗanda su ma kuɗin jama'a ne ko da an rubuta sunan mutum a jikin bango da manyan baƙaƙe.

Yadda kuɗin yake tafiya

Sashe na 11 shi ne zuciyar dokar. Ya ce Gwamnatin Tarayya za ta ware abin da bai gaza kashi 2 cikin ɗari ba na babban asusun kuɗaɗen shigarta domin ilimin bai-ɗaya. A tsarin da aka daɗe ana bi, rabin wannan kuɗi ana raba shi daidai wa daida tsakanin jihohi 36 da Abuja domin gine-gine da kayan aiki, ragowar kuma ya tafi ga littattafai, da horar da malamai, da ilimin masu buƙata ta musamman, da rage giɓin da ke tsakanin yankuna. Amma akwai sharaɗi: jiha ba za ta taɓa kasonta na gine-gine ba sai ta ajiye nata kuɗin, abin da bai gaza rabin kuɗin ayyukan ba. A taƙaice, idan Abuja ta ajiye naira ɗaya, sai jiha ta ajiye naira ɗaya, sannan a haɗa a yi aiki. Manomanmu ba sa buƙatar dogon bayani a nan, domin abin ya yi kama da mutum biyu da suka haɗa kuɗin injin ban ruwa, wanda idan ɗaya bai kawo nasa ba injin yana nan a shago.

Bayan ajiye kuɗin, SUBEB tana rubuta tsarin aiki, inda take lissafa makarantun da za a yi wa gini ko gyara, da yawan kujeru, da rijiyoyin burtsatse, da makewayi, sannan UBEC ta duba ta amince. Wannan takarda ta tsarin aiki ita ce abin da ya fi kamata al'umma ta nema, domin a cikinta ne ake ganin ko sunan makarantarku ya shiga, da abin da aka ce za a yi mata. UBEC takan kuma bayyana jihohin da suka karɓi kasonsu da waɗanda suka bar nasu a asusu saboda ba su biya nasu rabin ba, kuma jaridu suna ɗaukar labarin. Tambayoyi uku ne ke nan da kowane ɗan jiha yake da damar yi: shin jiha ta biya kasonta na bana, shin an amince da tsarin aikin, kuma waɗanne makarantu ne a ciki?

Akwai wani ƙaramin shiri da UBEC take tura kuɗi ga kwamitocin SBMC kai tsaye domin su yi ƙananan ayyuka da hannunsu, al'umma kuma ta ba da gudummawarta ta kuɗi ko yashi ko aikin ƙarfi. Kwamitin da ba ya zama, ba shi da littafin rubuta bayanan taro, ba shi da asusun banki da sunan makaranta, da wuya irin wannan kuɗi ya iso gare shi. Kuma idan ya iso, wajibi ne kwamitin ya karanta lissafinsa a bainar jama'a, domin wanda yake neman gwamnati ta buɗe littafinta bai kamata ya rufe nasa ba.

Ƙidaya da ido

Gani ya kori ji. Kafin a rubuta wa kowa takarda, sai kwamiti ya zaɓi mutum huɗu ko biyar, a cikinsu lalle a sami mace da wanda ya iya rubutu, su sanar da shugaban makaranta cewa za su zo, su kuma bayyana masa cewa ba farautar laifinsa suka fito ba. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin sau da yawa shi ma ya rubuta koke har ya gaji, kuma idan ya ga jama'a a bayansa zai buɗe musu rajista da hannunsa.

Abin da za a rubuta ba shi da wuya. Yara nawa ne a rajista, maza nawa mata nawa, kuma nawa aka tarar a aji a ranar? Malamai nawa aka turo, nawa suka sa hannu a littafin zuwa aiki, nawa aka gani da ido suna koyarwa? Ajujuwa nawa ne, nawa ake iya zama a cikinsu idan ana ruwa? Kujeru nawa ne masu lafiya? Akwai ruwan sha, akwai makewayi, kuma an ware na 'yan mata? Littattafan da aka kawo suna hannun yara ko suna ɗaure a ofis gara tana ci? Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, kuma mafi ƙarancin shaidar da ake koyarwa da ita ita ce NCE ta kwalejin ilimi, tare da rajista da hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wato TRCN. Da waɗannan ma'aunai biyu kowa zai iya yin lissafi da kansa. Makarantar da take da yara 280 ya kamata ta sami malamai takwas, don haka idan uku ne a ƙasa, an san abin da za a rubuta: muna neman malamai biyar, ga dalili.

Ziyara ɗaya ba ta isa hujja ba. A koma sau uku ko huɗu a cikin zango, a ranaku dabam-dabam, har da ranar kasuwa da ranar Juma'a, a rubuta kwanan wata kowane zuwa. A ɗauki hoton rufi da bango da kujeru da waya, amma a guji ɗaukar fuskokin yara ana yaɗawa. Ina kuma ba da shawarar a ɗauki littafin Hausa na aji biyu a ba wasu 'yan aji biyar su karanta, a keɓe, ba tare da kunyata kowa ba. Ginin da aka shafa wa fenti yana iya rufe idon baƙo, amma yaron da ya shekara biyar yana zuwa bai iya haɗa baƙi da wasali ba ya gaya maka halin da makarantar take ciki. Idan haka ta bayyana, abin tambaya shi ne yaushe rabon malaman da samun horo, kuma yaushe rabon da mai duba makarantu ya zauna a cikin aji.

Idan ɗan kwangila ya sauke kaya

Lokacin da ake aikin ne ake iya gyara shi. Da zarar an ga tifa ta zube yashi, sai shugaban kwamiti ya je ya gaisa da mai kula da aikin, ya tambayi sunan kamfani, da hukumar da ta ba da aikin, da shekarar kuɗin, da abin da aka ce a yi. Yawanci akan kafa allo mai ɗauke da waɗannan bayanai, sai a ɗauki hotonsa. Kowane gari yana da magina da kafintoci waɗanda da sun murza bulo a hannu sun san ko an cuci siminti, sun san zurfin da ya kamata tushe ya yi a ƙasar fadama, sun san katakon da ba a shafa wa maganin gara ba da kwanon da iska za ta naɗe kamar tabarma. A sa irin waɗannan a cikin masu leƙawa. A yankunan da ambaliya take ci, irin wadda aka gani a 2020, tsayin daɓen aji daga ƙasa abin dubawa ne tun kafin a ɗora bulo na farko.

Kada jama'a su tsayar da aiki da ƙarfi ko su yi cacar baki da leburori, domin su ma aiko su aka yi. A rubuta abin da aka gani, a kai wa Sakataren Ilimi da SUBEB tun kafin a biya kuɗin ƙarshe. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma sai an tuna masa tun yana riƙe da askar. Babban abin kiyayewa shi ne sa hannu: idan aka kawo wa shugaban makaranta ko mai gari takardar shaidar kammala aiki alhali babu silin, babu ƙofofi, babu kujerun da aka lissafa, to sa hannun nan shi ne zai zama hujjar ɗan kwangila gobe.

Rubuta takardar neman bayani

A nan ne wata dokar tarayya ta biyu take shigowa, wato Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2011. Ta ba kowa damar neman bayanan da ke hannun hukumar gwamnati ba tare da ya faɗi dalilinsa ba. Hukuma tana da kwana 7 ta ba da amsa, tana iya ƙara wasu kwanakin da ba su wuce 7 ba idan takardun suna da yawa, kuma idan ta ƙi, sai ta faɗi dalili a rubuce. Ba a biyan komai sai kuɗin kwafi. Wanda bai iya rubutu ba ko yake da naƙasa yana iya nema ta hannun wani. Idan kotu ta tabbatar an hana bayani ba bisa ƙa'ida ba, akwai tarar naira 500,000, kuma wanda aka hana yana da kwana 30 ya garzaya kotu. An daɗe ana jayayya a kan ko dokar ta hau kan hukumomin jihohi, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Afrilun 2025, a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo, cewa ta hau kansu. UBEC kuwa tun asali hukumar tarayya ce, saboda haka ana iya aika mata takarda ɗaya, a aika wa SUBEB irinta.

Takardar ta zama gajera, mai ladabi, ta nemi abu takamaimai. Bayan gaisuwa da ambaton dokar, ana iya cewa: "Muna roƙon a ba mu kwafin tsarin aikin da aka amince da shi na shekara kaza, ɓangaren da ya shafi ƙaramar hukumarmu, tare da sunayen kamfanonin da aka ba ayyukan makarantarmu, da kuɗin kowane aiki, da abin da aka riga aka biya, da yawan malaman da aka tura mata." Wanda ya rubuta cewa a ba shi bayanin duk kuɗin ilimi tun daga kafa jiha a 1991 ya ba ma'aikaci uzurin ajiye takardarsa a ƙasan tire. Kada a nemi abin da ya shafi sirrin mutum, kamar lambar asusun malami ko takardar asibitinsa, domin dokar ta kare waɗannan. Tun da harshen ofis Ingilishi ne, sai a rubuta da shi, amma a karanta wa kwamiti fassarar Hausa kafin kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

A yi kwafi biyu. A miƙa ɗaya a ofishin karɓar wasiƙu, a sa ma'aikacin ya buga hatimi da kwanan wata a kan ɗayan, a dawo da shi gida. Daga ranar hatimin nan ake fara ƙirga kwana bakwai, kuma wanda ba shi da wannan kwafi, a idon ofis bai taɓa zuwa ba.

Idan aka yi shiru

Shiru ya fi ƙi yawa, don haka kada a karaya. A sake rubuta tunatarwa, a liƙa kwafin ta farko. A sanar da hakimi da uban ƙasa, domin a masarautun Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru maganar da ta bi ta fada takan isa inda takardar talaka ba ta isa ba, kuma ba a so shugabanni su ji labarin garinsu a bakin waje. Daga nan akwai ɗan majalisar jiha mai wakiltar mazaɓa, wanda zai iya gabatar da koken a zauren majalisa. Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda take da ofishi a kowace jiha kuma ba ta karɓar kuɗi. Idan abin da aka gano ya nuna an biya kuɗi ba a yi aiki ba, wannan na hukumomin yaƙi da cin hanci ne, wato ICPC ko EFCC, kuma ICPC tana bin sawun ayyukan mazaɓu tun 2019. Shirye-shiryen rediyo da ake buga waya suna da tasiri, amma wanda zai yi magana ya tsaya a kan abin da aka ƙirga aka rubuta, kada ya kira wani ɓarawo, domin magana zarar bunu ce, kuma zargin da ba hujja yana iya juyewa ya zama ƙarar ɓata suna. Kotu ita ce ta ƙarshe, kuma a nan sai an nemi lauya.

Game da kuɗaɗen da ake karɓa a makaranta da sunan jarrabawa ko alli ko katin sakamako, a fara da tambayar shugaban makaranta cikin sirri. Sau da yawa za a tarar ba a aiko masa da ko sisin gudanarwa ba, shi ya sa ya juya ga iyaye. Wannan bai halatta karɓar ba, amma ya nuna inda ya kamata a kai kuka. Gudummawar da iyaye suka zauna suka amince da ita da kansu daban take, muddin ba a kori yaro daga aji saboda ubansa bai biya ba.

Isar da bayanin ga jama'a

Ba a tara mutane a karanta musu sassan doka ɗaya bayan ɗaya kamar ana shari'a. A nemi izinin liman a yi minti goma bayan sallar Juma'a, a ɗauki abu ɗaya kawai, misali jerin abubuwan da dokar ta ce kyauta ne, a bar mutane su tafi da shi suna tattaunawa. Mata a same su a makarantun Islamiyya da wuraren suna da biki, kuma mace ce za ta yi musu bayani. Inda ake jin Dakarci ko Zabarmanci ko Fulfulde ko Kambarci fiye da Hausa, a nemi ɗan gari ya fassara. Saƙon murya na WhatsApp ya fi rubutu isa ga mutane, amma ya zama gajere, kuma a faɗi lambar sashen da aka ɗauko maganar domin mai shakka ya duba.

Abin da ya fi saurin kashe irin wannan yunƙuri shi ne siyasa. Ranar da aka ce kwamitin makaranta na 'yan jam'iyya kaza ne, rabin gari ya janye, ofis kuma ya sami dalilin rufe ƙofa. A sa mutanen kowane ɓangare a ciki, a kuma guji kai koke a makonnin yaƙin neman zaɓe, ko da yake a lokacin ne ake saurin samun alkawari.

Duk takardun nan, da kwafin doka, da sakamakon ƙidaya, da hotunan allon kwangila, da wasiƙu masu hatimi, a haɗa su a fayil ɗaya a ajiye a wurin da ruwa da gara ba za su kai ba, a kuma ɗauki hotonsu a waya biyu ko uku. Ana yi wa shugabannin makaranta canjin wurin aiki, Sakataren Ilimi yana sauka, 'yan kwamiti suna tsufa ko su ƙaura. Duk lokacin da aka sabunta kwamiti, a miƙa fayil ɗin a gaban mai gari, a rubuta ranar da sunan wanda ya karɓa, sannan sabon kwamiti ya sa ranar ƙidayarsa ta farko a cikin makonni biyu na farkon zango.